Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Kwanon da aka ware

A makon jiya mun tsaya inda aiki ya fito da mu daga asibiti zuwa lungunan unguwannin Nima da Mamobi a birnin Accra. Yau zan bayyana yadda ake zaman farko da iyalin wanda aka samu da ƙwayar cutar HIV, domin a wannan zaman ake gyarawa, a nan kuma ake ɓatawa.

Gidan haya na zango ba ya riƙe sirri. Famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, duk baƙon da ya yi sallama sai an san wurin wa ya zo. Saboda haka ba a zuwa da rigar aiki ko jaka mai tambarin asibiti. Ana fara kira a waya, a tambayi mai cutar inda yake so a haɗu, da kuma abin da za a ce wa maƙwabta idan sun tambaya.

Ba a tara dangi. Mutum ɗaya ake fara gaya wa, kuma mai cutar ne ke zaɓensa. Muna taimaka masa da tambayoyi: wa ya taɓa rufa maka asiri? Wa zai tuna maka da magani? Idan mace ce, dole a tambaye ta ko tana tsoron duka ko saki. In ta ce e, ba a yin maganar a gida. Sai a gayyaci mijin asibiti a gwada su tare a gaban mai ba da shawara. Ma'aikacin da ya yi gaggawa a nan yana iya raba mace da ɗakinta da 'ya'yanta a dare ɗaya.

Tambayar da uwa ke fara yi kusan kullum ita ce: "To, Malama, kwanonsa fa?" Amsar a bayyane take. Cutar na bi ta jini, ta saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Ba ta bin kwano, buta, tabarma, musabaha ko cizon sauro. Amma faɗa da baki bai cika isa ba. In an kawo tuwo ko koko, ma'aikaci ya wanke hannu ya ci tare da mai cutar a gaban Inna. Wannan lomar ta fi dogon bayani aiki. Abin da ya kamata a ware shi ne reza, buroshin haƙori da askar wanzami. In jini ya zuba, a sa safar hannu, a goge da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara.

Tsangwama ta fi yin ɓarna a kan magani. Yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, amma don kada a ga kwalbar sai a juye ta cikin leda a cusa ƙarƙashin katifa, danshi ya shige ta. Gara a ɓare takardar jikin kwalbar a bar ƙwayoyin a ciki da murfinsu. Wasu kuma suna tsallake asibitin unguwa su tafi can nesa don kada a gan su a layi. Ranar da kuɗin tirotiro, wato motar haya, ya yanke, magani ya yanke. Wanda jikinsa ya daidaita yana iya neman a ba shi na wata uku ko fiye a lokaci ɗaya. Azumi ma ba ya hana sha, sai dai a tsayar da lokaci guda, sahur ko bayan buɗa-baki. Bayan wata shida da farawa ana auna yawan ƙwayar cutar a jini. In ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita kuma ta zauna haka, mutum ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Wannan bayanin ya ceci aure da yawa, kuma abin takaici ne yadda har yanzu bai kai kunnen mutanenmu ba.

A ɗakunan karɓar magani akwai masu ɗauke da cutar da aka horar don su zauna da sababbi, waɗanda ake kira Models of Hope. Uwar da ta ga mutum mai ƙoshin lafiya ya ce mata shekara da shekaru yana shan maganin, takan daina kukan mutuwa.

Kafin a yi taro a masallaci, ana zama da liman tukuna. Kalma ɗaya kamar "cutar mazinata" a kan mumbari ta isa ta sa matar da ta ɗauka a ɗakin aurenta ta daina zuwa asibiti. Haka gwajin kafin aure: sakamako na masu auren ne, ba a miƙa shi ga waliyyi ko a karanta a zaure. Dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Gana ta 2016 ta kare sirrin mai cutar, ta hana a kore shi daga aiki ko makaranta saboda ita, kuma ana kai irin wannan ƙara hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, wato CHRAJ.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun yara: yaushe ake gaya wa yaro abin da ya sa yake shan magani, da kuma wanda ya dace ya gaya masa.