Godiya bayan sallamo ƙanina daga asibiti

Alhamdu lillahi, an sallamo ƙanina, yana gida, har ya fara shan kunu da hannunsa. A madadin Hajiya da sauran dangi nake wannan godiya.

Ya daɗe yana fama da kumburin babban hanji, irin mai sa gyambo da gudawar jini. Duk sanda ciwon ya motsa, firednisolon, wani maganin rage kumburi, ake ba shi ya lafa. Wannan karon ciwon ya ƙi jin magani, sai ma zazzaɓi da tari da haki, ga wasu layuka masu ƙaiƙayi a cinyarsa kamar shatar bulala.

Babbar godiyarmu ga likitar da ta ja kujera ta tambaye shi ko ya taɓa noma a fadama ba takalmi. Ta tura kashinsa da kakinsa ɗakin gwaji, aka ga tsutsar da ake kira sitironjilodis. Ta fatar ƙafa take shiga, ta yi shekaru tana hayayyafa a hanji mutum bai sani ba. Da firednisolon ya danne garkuwar jikinsa, sai ta yi yawa, ta kai huhu, ta kwashi ƙwayoyin cutar hanji ta shigar da su jini. Wannan kan kashe mutum in ba a gano da wuri ba.

Maganinta kuwa aibamektin ne, wato Mectizan ɗin nan da ake rabawa a ƙauyuka saboda makantar rafi. Kullum ake ba shi daidai nauyin jikinsa, ba a tsaya ba sai da aka yi mako 2 ba a ga tsutsar a gwaji ba. Aka haɗa da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka riƙa rage firednisolon a hankali.

Nas-nas ɗin da suka kwana a kansa, ma'aikatan ɗakin gwaji, samarin unguwa da suka ba da jini, jama'ar masallaci da suka haɗa gudummawa, Allah ya saka muku da alheri. Masu irin wannan ciwo, don Allah ku daina sayen firednisolon a kemis da kanku, ku kuma nemi a gwada ku ko kuna da tsutsar kafin a ɗora ku a kansa.

Masu son zuwa dubiya, a bari sai bayan la'asar. Wanda ke mura ko tari ya yi haƙuri ya kira a waya, jikin bai gama ƙwari ba.