Ciwon ƙugun da ba na ɗaukar buhu ba

Shekarata ta biyu kenan ina koyon aiki a ɓangaren ƙoda da mafitsara nan Legas lokacin da aka turo mana wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Wata shida yana fama da ciwon ƙugu, kullum kemis, kullum ƙwayar rage ciwo ta diclofenac, kowa na ce masa ai buhunan nan ne. Ni ma wallahi haka na ɗauka, har na ɗora biro a takarda. Sai ya ce, "Likita, ciwon nan fa ba ruwansa da kwanciya ko tsayuwa, kuma fitsarina ya ragu." Na ce Baba don Allah maimaita. Ciwon ɗaukar kaya in mutum ya kwanta yakan lafa, wannan kuwa yana nan daram, ga rama, ga ƙafa ta fara kumburi.

Gwajin jini ya nuna ƙoda ta jigata, sikanin ya nuna duka biyun sun cika da fitsari amma babu tsakuwa. Sai da 'yan kasuwa suka yi masa karo-karo aka yi siti sikan, nan muka ga wani nama mai tauri kamar tabo ya naɗe babbar jijiyar jini ta bayan ciki, ya shaƙe bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Ciwon Ormond ake ce masa, sunan likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1948, ko da yake wani likita Albarran a Faransa ya riga shi tun 1905. Ya fi kama maza 'yan 40 zuwa 60, kuma mafi yawa ba a gano musabbabin.

Ni zumuɗi ya ɗebe ni, na ce a fara prednisolone, ƙwayar rage kumburi mai danne garkuwar jiki, yau yau, oganmu ya ce a'a. A fara zura siririyar roba a buɗe hanyar fitsarin, sannan a tsakuro naman a auna, don a ƙasar nan tibi da kansar lymphoma suna iya yin irin wannan siffar, in ka ɗirka wa mai tibi wannan ƙwayar ba tare da maganinsa ba ai ka zuba wa wuta fetur. Kwanakin jiran sakamako sun yi min tsawo sosai, kullum Baba sai ya tambaye ni.

Sakamako ya fito, babu tibi babu kansa. Muka fara magani muna auna suga da hawan jini, cikin makonni ciwon ya sauka. Da zai tafi gida Sakkwato yin Sallah na zaunar da shi da babban ɗansa da Hausa, na ce ƙwayar nan ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake ragewa, robar ma tana da ranar canji, kuma ciwon yana iya dawowa. Ɗan ya rubuta ranar a bayan katin asibiti.