Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Baƙar Ledar Takardu

Makon jiya na tsaya a daren da na tashi uwargida da ƙarfe biyu, gabana na faɗuwa, ina yi mata wasiyya. Gari na wayewa Yaya ya goya ni a babur zuwa asibiti, karo na huɗu ke nan a wata guda.

Na shiga riƙe da baƙar leda cike da takardun gwaji: na jini, na fitsari, hoton ƙirji, da zanen bugun zuciya har uku. Likitan, dattijo mai furfura a gemu, ya baje su a tebur yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaura mini na'urar awon hawan jini a damtse, jini ya nuna 118 bisa 76, wato lafiya lau.

"Malam, sau nawa kake awo a gida?"

Na ce yakan kai goma sha biyar a yini.

"In ya fito lafiya, hankalinka na kwanciya?"

"Na ɗan lokaci, ranka ya daɗe. Can sai in ce ƙila batirin ne ya yi sanyi."

Da ya tambayi lokacin da abin ya fara, sai maƙogwarona ya toshe. Wata takwas ke nan da Baba ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa ya shanye. Kansa na kan cinyata a mota har muka isa asibiti, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa.

Likita ya ce faɗuwar gaban da nake ji gaskiya ce, ba shafcin gizo ba. Tsoro ne ke sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta yi gudu, gumi ya karyo, ƙirji ya ɗaure. Ni kuma in ɗauki wannan a matsayin shaidar ciwo, tsoron ya ninku. Ya ce idan mutum ya kai wata shida a haka, gwaje-gwaje suna fita lafiya amma ya kasa daina bincikar jikinsa, cutar damuwa kan lafiya ce, kuma tana da magani. Har yau ina gode masa da bai ce mini "ba abin da ke damunka" ba, kalmar da ta fi kowace ƙona mini rai a watannin nan.

Sai ya rubuta takarda zuwa sashen masu taɓin hankali. Jikina ya yi sanyi. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai.

"Na'urar fa, Malam? Ba wa yayanka ya riƙe maka na mako biyu."

Sai da muka kai bakin ƙofar gida na iya miƙa masa ita.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.