Abin da na ɗauko daga garejin tsofaffin GTI

Na bar garejin da na daɗe ina aiki a ciki, kuma tunda abokan sana'a sun dame ni da tambayar dalili, gara in rubuta sau ɗaya in huta. Kun san aikinmu: ƙananan motocin nan masu zafin nama na shekarun 1970 da 1980, Golf GTI ƙirar farko da ta biyu, Peugeot 205 GTI, jefi-jefi Renault 5 GT Turbo. A kawo ta a mace, mu tashe ta. Kusan duk mai irin wannan mota tambaya ɗaya ce a bakinsa: wane inji za a sa mata ta ƙara wuta? A kan amsar wannan tambaya ni da Oga muka raba gari.

Shi Oga lamba yake sayarwa. Ya san da zarar ya ambaci yawan doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, mai mota ya daina jin sauran bayani. Ni kuwa abin da hannuna ya koya mini shi ne inji ne abu na ƙarshe da ake zaɓa.

Golf GTI da Volkswagen ta fitar a 1976 injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110, nauyinta kilo 810 kacal. Rashin nauyin nan shi ne daɗinta. Giyabos, kuloci, shaf, birki, duk da wannan ƙarfin aka auna su. Sai ga wani ya kawo irinta, yana son a zuba mata injin 1.8T, wato lita 1.8 mai turbo, na Audi TT mai doki 225. Ba laifi ba ne, an sha yi, kuma in an yi da kyau mota ce mai ban sha'awa. Amma abin da ke cin giya shi ne ƙarfin murɗawa. Injin asali na bayar da kusan Nm 140 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa), shi ma sai juyinsa ya yi sama sosai. Wannan kuwa 280 yake bayarwa, ninki biyu, kuma tun daga ɗan sama da juyi 2000 a minti yake sako shi gaba ɗaya. Giyabos ɗin da ke motar shi ne samfurin da ake kira 020, wanda duk bakaniken Golf ya san lagonsa: babban haƙorin difarensha, wato abin da ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu, da ribit aka kama shi, in ribit ɗin suka saki sai su huda kwanon giya daga ciki, mai ya tsiyaye.

Na zauna na rubuta abin da aikin ke buƙata. A koma giyabos samfurin 02A ko 02J mai kuloci milimita 228, a yi masa sababbin mazauni, a mai da sandar giya ta waya, a cire ribit a sa bol, a sa difarensha mai hana taya ɗaya zamewa, a kuma girmama faifan birkin gaba daga milimita 239 da ta zo da shi. Na miƙa wa Oga takardar. Ya duba sama-sama ya ce kuɗin inji mai mota ya biya, ba na giya ba, in bar 020 a wurinsa in sa kuloci mai tauri. Na ce, "Oga, ranka ya daɗe, kuloci mai taurin ne zai kashe giyar. Na asali in ƙarfi ya yi masa yawa sai ya zame, giya ta tsira. Wannan ba zai zame ba, duk dukan a kan haƙora zai sauka." Ya ce a garejinsa ba a koya masa aiki, ya jefa takardar a durowa.

Na haɗa motar yadda ya ce, kuma ban yi mata aikin ganin dama ba, kowane noti da ma'auni na ɗaure shi. Ba a jima ba aka janyo ta, kwanon giya a huje. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. A gaban mai motar, a gaban yaran da nake koya wa aiki, Oga ya nuna ni ya ce ni ne ban ɗaure giyar da kyau ba. Takardata tana cikin durowarsa a lokacin, taku kaɗan daga inda yake tsaye. Aka zabtare mini albashi, aka sayo 02A ɗin da na ce tun farko, kuma ni aka sa na ɗaura shi. Motar na nan tana yawo lafiya, mai ita kuma har gobe Oga yake yi wa godiya. Asarar kuɗin na haɗiye ta. Kallon da yaran nan suka yi mini ne na kasa haɗiyewa, domin bakanike ba shi da jarin da ya wuce a yarda da hannunsa.

Tun daga nan ba na karɓar aiki sai an fara daga taya an komo baya: taya, birki, shokozoba, shaf, difarensha, giya, kuloci, sannan inji. Motocin nan da ƙafar gaba suke ja, da ita kuma suke juyawa. In ƙarfi ya yi yawa, kana taka totur sitiyari zai riƙa fizgar hannunka, a kwana kuma tayar ciki ta yi ta juyi a banza. Difarensha irin na Quaife, mai karkatattun haƙora, ya fi ƙarin doki talatin amfani a irin wannan mota, amma da yake ba a ganinsa in an buɗe bonet, da wuya mai mota ya so biya.

A Golf, in da za a bi tawa, injin ABF mai lita 2.0 da bawul 16 na GTI ƙira ta uku ya isa. Doki 150, ba turbo, ƙarfinsa a hankali yake hawa, motar ba ta rasa halinta ba. VR6 kuwa, injin Volkswagen mai silinda shida, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne: kukansa da daɗi, amma gaban motar ya yi nauyi, ta daina son kwana.

A 205 ma haka zancen yake. Injin Mi16 na Peugeot 405 mai doki 160 jikinsa alminiyam ne, ya dace da ita, sai dai a doguwar kwana baƙin mai kan gudu gefe guda, famfo ya ja iska, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ya tafi. Kada a sa shi ba tare da an gyara kaskon mai da shingaye a ciki ba. Injin Peugeot 306 GTi-6 mai doki 167 ya fi juriya, amma jikinsa ƙarfe ne, za ka ji nauyin a sitiyari. Wani lokacin ma ba inji ake buƙata ba: giyabos na 205 GTI mai lita 1.6 ya fi na mai lita 1.9 gajerun giya, ka haɗa shi da injin 1.9 mota ta farka, illa dai a babbar hanya za ta riƙa kuka.

Sauran a taƙaice. Tsatsa a mazaunin inji a fara magance ta kafin komai. Tsohon tiyon fetur a zubar, ko ya yi kyau a ido. Lagireto ya girma tare da inji. Wayarin da aka yi wa ɗaure-ɗaure shi zai tsayar da motar kafin fiston ya gaji. Injin asali a wanke a ajiye, kada a sayar, kuma kada a yanka bodi inda ba za a iya mayarwa ba, don darajar motocin nan tana ga asalinsu.

Ku kuma ƙannena da na bari a can, duk shawarar da kuka bayar aka ƙi, ku rubuta ta kwafi biyu da kwanan wata. Ɗaya ku ba Oga, ɗaya ku sa a aljihu, kuma in da hali mai motar ya gani da idonsa kafin a kunce noti na farko.