Godiya ga jama'a bayan zaman da aka yi a Nima kan hayar ɗaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu da muka kira zaman ranar Lahadi a farfajiyar makarantar Islamiyya a nan Nima, cikin Akra, kan maganar haya da takardar haya, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tako ƙafa ya zo. Bencinan da muka aro ba su kai ko'ina ba, kafin La'asar sai da aka shimfiɗa tabarmi. Akwai 'yan Mamobi, akwai na Sabon Zongo da Fadama, har da waɗanda suka hau trotro tun daga Madina da Ashaiman. Allah ya ba da ladan zumunci. Da yawa sun roƙa a rubuta abin da aka faɗa don waɗanda ba su samu zuwa ba, shi ya sa godiyar ta yi tsawo.

Baba Liman, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Da ka buɗe da addu'a ba ka tsaya nan ba, ka taɓo inda ciwon yake, wato kunya. Mutum zai ƙirga adibans na shekara biyu ya miƙa, ya kasa cewa a rubuta, wai sahunsu ɗaya da mai gida a masallaci. Ka tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ga muminai aka saukar da ita. Bayan wannan babu wanda ya sake cewa neman takarda rashin yarda ne.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya yi ritaya daga Rent Control, ofishin gwamnati mai kula da al'amuran haya, wanda ya zauna awa uku yana amsa tambaya. Shi ya warware mana dokar haya ta 1963, wadda ake kira Act 220, da ta 1986 da ta zo ta ƙara mata. Sashe na 25 na dokar 1963 ya hana mai gida karɓar adibans fiye da na wata shida, in hayar ta wuce wata shida. In kuwa ta wata-wata ce, kuɗin wata ɗaya kawai. Da ya faɗi haka wurin ya ɗauki dariya, don kowa ya san a Akra shekara ɗaya ko biyu ake nema, wanda ya tsaya karanto doka kuma kafin ya rufe baki wani ya biya ya karɓi makulli. Alhaji bai ce a je a yi faɗa ba. Cewa ya yi tunda dole ta sa ana biyan abin da ya wuce ƙa'ida, to kada a haɗa asara biyu: a biya da yawa, kuma a biya babu shaida. Ɗauki ɗakin sidi 400 a wata. Wata shida 2,400 ne, shekara biyu kuwa 9,600. Wannan kuɗi ne da ake tarawa da adashi da bashi, bai kamata ya bar hannu da “Allah ya sa albarka” kaɗai ba.

Dokar ta wajabta wa mai gida ba da rasit a rubuce duk lokacin da ya karɓi kuɗi, da katin haya ga mai biyan wata-wata. Saƙon momo, wato na tura kuɗi ta waya, yana taimakawa, amma abin da yake nunawa kawai shi ne kuɗi sun tafi lamba kaza. Ba ya cewa na wane ɗaki ne, ko na wane wata zuwa wane wata. Sau da yawa ma lambar ta ɗan mai gida ce ko ta kiyateka.

Hajiyar da ta kwance bakin zaninta ta fito da takarda, mun gode miki ƙwarai, don kin koyar da abin da lacca ba za ta koyar ba. Fallen littafin makaranta ne, an ninke shi har ya fara rabewa a tsakiya. Abin da ke ciki layi biyu: an karɓi kuɗi kaza daga wurin Hajiya, sai dangwalen yatsa da tawadar biro. Babu ranar shiga, babu ranar fita, babu lambar ɗaki, babu shaida. Wanda ya dangwala ya rasu. Yanzu magada suna cewa kuɗin na shekara ɗaya ne, ita tana cewa na biyu ne, kuma takardar ba ta goyi bayan kowa ba. Allah ya warware miki cikin sauƙi.

A kan wannan takarda ce 'yarmu lauya, Allah ya yi mata albarka, ta ɗora bayaninta, kuma nan ne muke so a fi riƙewa. Takardar haya ba sai ta yi shafi goma ba. Amma dole a ga cikakken sunan mai gida da na ɗan haya kamar yadda suke a Ghana Card, da lambobin katin. A rubuta adireshin gidan, har da lambar adireshin dijital ta GhanaPostGPS in akwai, sannan a fayyace ɗakin: ɗaki ɗaya ne, ciki da falo ne, ko mai bayan gida a ciki, kuma na nawa ne daga ƙofar gida. A gidan da ke da ɗakuna goma sha biyu, “ɗaki a gidan Alhaji” ba bayani ba ne. Sai kuɗin wata, da jimillar da aka biya da lamba da kuma kalmomi, da ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare. A lura da ranar farawa. Mutane suna biya a watan Janairu, mai gida ya ce a jira ya gama siminti da fenti, a shiga a Afrilu, lissafi kuma ya tashi daga Janairu. Sai a rubuta cewa haya tana farawa ranar da aka miƙa makulli. Kuɗin kuma a rubuta shi da sidi. Babban Bankin Gana ya sha gargaɗi cewa sa farashin haya da dala ba tare da izininsa ba saɓa doka ne.

Akwai layi uku da kusan kullum ake mantawa, su ne kuma ke kai mutane ofis. Na farko, in ɗan haya ya tashi kafin lokacinsa ya cika, yaushe za a mayar masa da ragowar kuɗinsa? In ba a rubuta ba, amsar da zai ji ita ce “jira sai wani ya shiga”, kuma wannan jira ba shi da rana. Na biyu, gyara. Wanda ya sa tayil, ya canza ƙofa, ya ja waya da aljihunsa bisa alkawarin za a cire daga haya, ya tabbata an rubuta adadin kuɗin da watannin da za su ci, kafin birkila ya taɓa bango, ya kuma adana rasit na siminti da na leburanci. Na uku, sabuntawa: wata nawa kafin ƙarewa za a sanar da juna, kuma ta yaya za a tsayar da sabon kuɗi. Cikin lokacin da aka riga aka biya babu ƙari. In an zo sabuntawa aka kasa daidaitawa, kowane ɓangare yana iya neman jami'in haya ya zo ya duba ɗakin ya yanke abin da ya dace.

Lauyar ta kuma ja kunnen matasa masu rubuta wa iyaye takarda. In wanda zai dangwala ba ya karanta Turanci, dokar kare marasa karatu ta 1912 ta ce mai rubutu ya karanta masa, ya fassara masa da harshen da yake ji, ya kuma rubuta sunansa da adireshinsa a takardar. Shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Kwafi biyu, kowa ya riƙe nasa, a ɗauki hotonsa a waya saboda ruwa da ɓera. Hayar da ta wuce shekara uku kuwa, dokar filaye ta 2020 ba ta yarda da ita da baki ba. Haka nan ɗan haya kada ya sa wani a ɗakin yana karɓar kuɗi sai da izinin mai gida a rubuce, ko da tafiya Kumasi ce ta wata uku.

Gidan gado sai an yi hattara, kuma rabin rigimar zango daga nan take. Kafin a biya, a tambaya wa ke da ikon ba da haya: wanda kotu ta ba takardar kula da dukiyar mamaci, ko wanda magada suka wakilta a rubuce. Wanda ke riƙe da makulli ba lallai shi ne mai iko ba. A tambayi tsofaffin 'yan haya wa suke biya.

Dillalai biyu sun zo, sun kuma zauna har ƙarshe duk da harara. Wannan ƙarfin hali ne, mun gode. Dokar 1963 ta tsayar da la'adar dillali a kan kashi biyar cikin ɗari na hayar shekara ɗaya. A ɗakin sidi 400 ɗin nan, sidi 240 ke nan. Abin da aka saba ji a titi kashi goma ne na duk abin da aka biya, wato 960 a shekara biyu, ban da kuɗin zuwa ganin ɗaki. Su da bakinsu suka ce kada kowa ya ba dillali adibans. A sa shi ya kai ka gaban mai gida, kuɗi su shiga hannun mai gida, la'ada daban. Wanda ya turo hoton ɗaki a WhatsApp yana cewa a yi momo yanzu don mutum uku na jira, a bar wa mutum ukun.

Malam mai gyaran wuta da abokinsa birkila, Allah ya sa wa sana'a albarka. Shawararsu ita ce a je ganin ɗaki sau biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, in da hali a je bayan an yi ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san abin da kogin Odaw da manyan kwatoci ke yi wa gidajen da ke gangare. Sabon fenti yana ɓoye layin da ruwa ya tsaya, amma ba ya ɓoye shi a bayan ƙofa, ko a ƙasan katakon taga, ko a bangon maƙwabci. A shafa tafin hannu a gindin bango: in ya yi sanyi, fenti yana kumbura yana zubar da farin gari, damshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma zai ci katifa da akwati. Dokin ƙofa da aka ɗaga da bulo biyu shi ma magana yake yi. A ɗaga kai a duba silin ko akwai tabon yoyo.

Mita kuma a tambaya tun kafin a biya: ta ɗakin ce ita kaɗai, ko ta gida duka? In ta ɗakin ce, a rubuta lambarta a takarda, a bincika ko ECG, kamfanin wutar lantarki, na bin ta tsohon bashi, don akwai mitar da za ka sa mata kuɗi ta fara cire na wanda ya tashi. In ta haɗaka ce, a ji yadda ake rabo, firji kaso nawa, ayan na guga kaso nawa, wa ke tara kuɗin. Haka ruwa: ranakun da famfo ke zuwa, ko akwai tanki, da kai ake raba bil ko da ɗaki. Sai bayan gida, akwai shi a gidan ko na gwamnati ake zuwa, in ya cika wa ke biyan motar kwasa, da kuɗin bola. Harajin gida na asambuli, wato ƙaramar hukuma, da harajin kashi takwas cikin ɗari da hukumar haraji ta GRA ke karɓa kan kuɗin hayar gidan zama, waɗannan a wuyan mai gida suke.

Iyayenmu masu gidaje da suka zo, Allah ya ƙara arziki. Kun faɗi naku, kuma gaskiya ne: akwai ɗan hayar da adibans ɗinsa zai ƙare ya zauna wata biyar yana “gobe”, ga siminti kullum yana tashi. Doka ba ta bar ku haka ba. Sashe na 17 na dokar 1963 ya ba da dalilan karɓar ɗaki, ciki har da haya da ta wuce wata ɗaya ba a biya ba, karya sharaɗin takarda, damun maƙwabta, lalata gini, ko mai gida na bukatar wurin don kansa ko iyalinsa. Sai dai hanyar ita ce sanarwa a rubuce, sannan Rent Control, in ba a sasanta ba a wuce kotu, don kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitarwa. Cire kwanon rufi, sa kwaɗo a ƙofa, yanke wuta ko watso kaya tsakar gida laifi ne, kuma yana mayar da mai gaskiya wanda ake ƙara. Ɗan haya da aka yi wa haka kada ya fasa ƙofa. Ya ɗauki hoto, ya kira shaidu, ya kai rahoto. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid.

An yi tambaya kan shirin gwamnati na taimakon haya da aka ƙaddamar a Janairun 2023. Masu shirin ne ke biyan mai gida adibans kai tsaye, ɗan haya yana mayar musu wata-wata, kuma suna neman Ghana Card da shaidar samun kuɗi a kai a kai.

Hajiya Magajiya da matan da suka kwana kan wake da shinkafa, da wadda ta kawo koko da ƙosai tun da safe ba ta karɓi ko kwabo ba, Allah ya saka da alheri. Mai martaba Sarkin Zongo da ya aiko wakili, Allah ya ja zamani. Samarin da suka ɗauko benci suka mayar, da yaron da ya riƙa fassara wa baƙinmu da Twi da Dagbanli, Allah ya yi muku albarka. Wanda muka manta ya yafe mana.

An tsinci lema baƙa da wata leda mai rasit huɗu da katin haya a ƙarƙashin benci na baya. Suna wurin ladan, mai su ya zo bayan Magariba ya faɗi sunan da ke jiki ya karɓa.

Wassalamu alaikum.