Katin Amurka a asusun Ingila: rububin da na yi a kantin PS3

Ranar 29 ga Maris, 2021, kamfanin Sony ya sanar da cewa daga 2 ga Yuli ba za a ƙara sayen gem a PlayStation Store, kantinsa na intanet, ta kan PS3 da na'urar hannu ta PSP ba, na ɗaya na'urar hannun, Vita, kuma zai biyo baya ranar 27 ga Agusta. Wani zai ce ai ba abin damuwa ba ne, tunda PS5 ta fito tun Nuwamban 2020. Amma mu da muka tashi a gidan gem muka ga tashen PS3, mun san akwai wasannin da ba a taɓa buga su a faifai ba. Tekken 5: Dark Resurrection na PS3 a kantin kawai ake samunsa, haka inFamous: Festival of Blood, ga kuma tsofaffin gem na PS1 da ake sayarwa da arha. Kuma ba tsoron banza muka yi ba. Mun ga an cire Marvel vs. Capcom 2 a ƙarshen 2013, mun ga Nintendo ya rufe kantin Wii a Janairun 2019. Sai na ɗaura aniyar in kwashi abin da zan iya kafin a ja ƙofa.

Tun da aka buɗe kantin nan a Nuwamban 2006, tare da fitowar PS3, ba a sa Najeriya a jerin ƙasashensa ba. Kowannenmu aron ƙasa ya yi: wani Amurka, wani Ingila, wani Dubai. Nawa asusun na Ingila ne, an buɗe min shi tun ranar da na sayi na'urar, kuma ƙasar da aka zaɓa ranar farko ba ta canzuwa har abada. Katin bankinmu ba ya wucewa, don ana son adireshinsa ya dace da ƙasar asusun. Ni dama tun kutsen da aka yi wa tsarin intanet na PlayStation a Afrilun 2011, da ya shafi asusu miliyan 77 aka yi makonni babu shiga, ba na sha'awar ajiye bayanan banki a can. Hanya ɗaya ta rage, katin kuɗi na kantin, mai ɗauke da lambobi da haruffa guda 12.

Na tuntuɓi wani mai sayar da irin waɗannan katuna, na faɗa masa ƙarara cewa asusuna na Ingila ne. Ya ce, "Oga, kati ai kati ne, duk ɗaya suke." Na tura kuɗi, ya turo lambar dala 50. Na shigar, ta ƙi. Na sake dubawa harafi bayan harafi, ta ƙi. Katin dala ba ya shiga asusun fam, kuma wanda sana'arsa ke nan ya fi ni sanin haka. Da na koma masa sai ya ce lambar da aka riga aka gani ba ta dawowa. Ga dala tana ta hawa a lokacin. Har yau idan na tuna kalmar nan tasa ta "duk ɗaya suke" sai raina ya sosu, don ba kuɗin kaɗai ya ci min ba, shi ya jefa ni cikin abin da ya biyo baya.

Don kada kuɗin ya salwanta, na buɗe asusu na biyu na Amurka a kan na'urar, na zuba katin a ciki. Wannan ya yi aiki, domin gem ɗin da aka saya da asusu ɗaya kowa a na'urar yana iya bugawa. Cikakkun wasannin da na saya duk sun tashi lafiya. Da ragowar kuɗin sai na sayi ƙarin kaya na wasu faifaina, sababbin matakai da 'yan wasa. Na kwana ina saukewa da datar dare, ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Da safe na sa faifai, babu ko alamarsu.

Abin da ban taɓa lura da shi ba yana rubuce a gefen kwalin: BLES ko BLUS, sai lambobi. BLES na Turai ne, BLUS na Amurka. PS3 tana karɓar faifan kowace nahiya, shi ya sa a kasuwanninmu suke cakuɗe ba wanda ya damu. Amma ƙarin kayan da ake saya a kanti sai sun dace da nahiyar faifan. Nawa kusan duka BLES ne. Da katin Ingila aka ba ni kamar yadda na nema, da a kantin Turai zan saya, da komai ya zauna daram.

Ina cikin wannan takaici, ranar 19 ga Afrilu, shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya fito ya ce sun janye, kantin PS3 da na Vita za su ci gaba, na PSP ne kawai zai rufe. Na yi murna ƙwarai, wallahi, amma murna ce mai ɗaci, don gaggawar da ta sa ban tsaya neman wani mai kati ba ashe ba ta da dalili.

Duk da haka ban yi da-na-sanin wasannin da na sauke ba. Daga 27 ga Oktoban shekarar aka daina karɓar katin banki da PayPal ta kan PS3. A 2022 aka cire buɗe sabon asusu daga kan na'urar, sai ta waya ko kwamfuta, kuma shiga ma sai da kalmar sirri ta musamman ga na'urar. Nintendo ya rufe sayayya a 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 ranar 29 ga Yuli, 2024. Duk wanda yake da abin da yake so a kantin PS3, ya daina jira.

Sai dai ya saya da ido buɗe. Kafin ka tura wa mai kati ko sisi, ka shiga kantin ka ga da wane kuɗi aka rubuta farashi, fam ne ko dala ko dirhami, sannan ka sa ya rubuta maka ƙasar katin a saƙo. Idan ya ce duk ɗaya ne, nemi wani. Ka ɗauko kwalayen faifanka ka karanta gefensu tun kafin ka zaɓi kanti. Abin da ka saya ka sauke shi nan take, ka bar fili a rumbun na'urar fiye da girman gem ɗin, don sai ya sauka sannan ya girku. Kuma tun Nuwamban 2011 asusu ɗaya PS3 biyu kawai yake ɗauka, don haka kada ka sayar da tsohuwar na'urarka, ko ka kai ta gyaran da za a goge ta, sai ka fara cire rajistar asusunka daga kanta.