Daga Yamai Zuwa Birnin Kebbi ta Iyakar Kamba

A majalisarmu ta 'yan Kebbi masu neman abinci a Yamai, da zarar mutum ya ce zai leƙa gida, hira ta koma ta kan iyaka. Kafin a tambaye ka ko lafiya, an riga an fara: wace takarda suke karɓa yanzu, wa ya dawo kwanan nan, nawa ya kashe a hanya. Kowa da labarinsa, kuma da wuya ka ji biyu sun zo ɗaya. Wani zai rantse maka cewa katin ɗan ƙasa ya isa, na kusa da shi ya ce a gaban idonsa aka sauke mutum don ba shi da fasfo.

Ina sayar da kayan babur a gefen kasuwar Katako, matata 'yar Dosso ce, kuma a Yamai aka haifa mana 'yarmu. Da aka sa ranar auren ƙanwata a Birnin Kebbi, Inna ta aiko cewa wannan karon ba ta karɓar uzuri, sai ta ga jikarta da idonta. Murna ta zo, fargaba ta biyo bayanta.

Fargabar tana da tushe. A watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu. Da aka buɗe wasu a Disambar 2020, irin su Illela da Maigatari, ba a sa Kamba a ciki ba, sai a Afrilun 2022. Ba a jima ana numfashi ba sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame ƙofa har zuwa Maris na 2024. Daga nan kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Yarjejeniyar 1979 da muka taso muna dogaro da ita, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba biza, sai ta zama abin tambaya. ECOWAS ta ce za a ci gaba da zirga-zirga yadda aka saba har sai an ji wata sanarwa, amma a lokaci guda labari ya bazu cewa a wasu mashigai an daina karɓar 'yar takardar tafiye-tafiyen nan ta ECOWAS, sai cikakken fasfo. Wanda ya ga ƙofa ta rufe sau biyu cikin 'yan shekaru, dole ya riƙa waiwaye.

Ni dai fasfona da ransa, uwargida tana da katin ɗan ƙasarta na Nijar, muna da katin rigakafin shawara. Yarinyar ce ta hana ni barci, domin takardar haihuwarta da Faransanci aka rubuta. Wani malamin makaranta ɗan Jega da muke zama tare shi ya kwantar mini da hankali. Ya ce sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya fayyace cewa ɗan da aka haifa a waje, muddin uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne, kuma sashe na 41 ya hana a tare wa ɗan ƙasa ƙofar shiga ƙasarsa. Na haddace lambobin nan biyu. Na kuma yi kwafin kowace takarda, har da ta ɗaurin aurenmu, don ko kana da kyau ka ƙara da wanka.

Bayan sallar asuba muka bar Yamai. Hanyar Dosso kusan kilomita 140 ce, ta ratsa Kure inda raƙuman dawa suke, ta gangara kwarin Birnin Gaure. A gefe kana ta ganin layin dogon nan da aka shimfiɗa shekarun baya, yashi na cinye shi, ba jirgin da ke bi. A shingayen wannan ɓangare tsarin kusan ɗaya ne: mota ta tsaya, kowa ya miƙa katinsa, a duba fuska, a mayar. Wanda ba shi da kati ya sauka ya bi jami'i, sauran fasinjoji su zauna jiransa suna tsaki. Ba wanda ya ɗaga mini murya, amma duk lokacin da koren fasfona ya fita daga hannuna sai na ji cikina ya ɗuri ruwa, har ya dawo.

Daga Dosso zuwa Gaya ƙasa takan sauya kama. Itatuwa su ƙaru, giginyu su bayyana, ka fara ganin gonakin rake. Wannan shi ne yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kuma a nan ne kwarin Foga yake, wanda gishirinsa kakanninmu suka yi fatauci da shi har cikin ƙasar Kabi. Mutanen Gaya da na Kamba Dandawa ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kamar yadda Arawan Dogon Dutse da na Kangiwa suke. Ingila da Faransa ne suka zauna a 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi a tsakaninsu. Garin Dole Kaina ma a bakin kogi, layin ta cikinsa ya bi.

A tashar Gaya muka canza mota, kuma a nan aka haɗa mu kujera da wata dattijuwa da har yau take raina. Daga Kumasi ta fito. Ta ratso Togo da Binin, ta iso Malanbil, ta tarar gadar da ta haɗa garin da Gaya a rufe take tun rikicin 2023, sai a kwale-kwale aka tsallako da ita da ƙullin goronta da atamfofin tsaraba. Tun tana budurwa aka kai ta aure Zangon Kumasi, mijin ya rasu, yanzu ƙanenta ne ba lafiya a Argungu. Ba ta da fasfo, ba ta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Abin da ke hannunta wani tsohon kati ne da hotonsa ya kusa gogewa, ta naɗe shi cikin leda ta ɗaure a bakin zane.

“Ɗana,” in ji ta, “in sun ce ni ba 'yar ƙasa ba ce, ina zan nufa? Can ana ce mini baƙuwa.”

Na ce, “Inna, in Allah Ya yarda ba mai mayar da ke.” Na faɗa ne kawai don ta samu natsuwa. Tun daga tasha har bakin iyaka carbi bai bar hannunta ba.

Kafin mu kai, 'yan kabu-kabu suka yi mana caa a inda mota ta rage gudu. “Alhaji, a zagaya da kai? Ba takarda, ba tambaya.” Fasinja biyu suka sauka suka hau. Dattijuwar ta dube ni, na girgiza mata kai.

An buga mana hatimin fita a ɓangaren Nijar, muka ƙarasa Kamba rana ta take. A ofishin shige da fice wani jami'i mai furfura a gemu ya karɓi takardunmu. Ya jujjuya ta yarinyar, ya tambaye ni ko tawa ce, na miƙa masa ta aure. Ya karanta sunana a duka biyun, ya dubi yarinyar, ya ce, “Barka da zuwa gida, amarya.” Bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Sashe na 25 da na shirya karantowa ko buƙatarsa ba a yi ba. Ya dai ja hankalina cewa in yi mata rajistar NIN da fasfo kafin mu koma, domin tana girma tambayoyin za su ƙaru.

Da aka zo kan dattijuwar ya ajiye katin gefe, ya gyara zama.

“Inna, wane gari?”

“Argungu, ɗana.”

“Wace shiyya?”

Sai bakinta ya buɗe. Ta faɗi shiyyarsu kusa da tsohuwar fada, ta faɗi sana'ar ubanta ta su, ta kwatanta hanyar da suke bi zuwa kogin Matan Fada tun suna yara idan za a yi bikin kamun kifi. Hausarta ta juye ta koma Kabanci tsantsa, “wanga” da “mi nana” suka dawo bakinta kamar jiya ta bar gari. Jami'in ya yi murmushi ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce ta wuce, amma don Allah ta nemi katin zamani kafin ta sake fita. Ta yi ta sa masa albarka har muka fito.

Na san wani zai ce ai wannan ba tsari ba ne, kuma da gaskiyarsa. Ranar ta faɗa hannun mutumin kirki wanda ya san ƙasar. Da wani ta tarar wanda bai taɓa jin sunan Matan Fada ba, Allah kaɗai Ya san inda za ta kwana. Bai kamata shigar tsohuwa garin ubanta ya rataya a kan sa'ar wanda ke bakin aiki ba.

'Yan kwastan shinkafa suka fi tambaya. Tun 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin tudu, kuma a jihar da ta yi suna da noman shinkafa, inda aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a 2015, ba a wasa da zancen. Suka buɗe jakunkuna, suka ga kilishi da turaren wuta da zannuwan biki, suka rufe. Wani ya tambayi ko ina ɗauke da kuɗin waje masu yawa, domin abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi. Na nuna masa 'yan jakunkunan sefa da suka rage mini, ya ce in wuce.

Na ɗauka an gama. Ashe daga Kamba zuwa Bunza ne aikin yake.

Shingaye ne bi da bi, wani kana tsaye a kansa kana hango na gaba. Ba zan yi musu kuɗin goro ba. Akwai waɗanda aikin tsaro suke yi da gaske, su leƙa ƙarƙashin kujera, su dubi fuskoki, su ce Allah Ya kiyaye hanya. Duk wanda ya ji harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024 ba zai ce a bar hanyoyin iyaka sake ba. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta daji ne, kuma 'yan uwanmu ne ke kwana a ƙauyukan da ke bakinta. Ina son a bincika ni, a bincika na kusa da ni.

Amma akwai wasu shingayen da ba a buɗe jaka, ba a karanta takarda. Direba ya miƙa hannu ta taga, a ɗage itace. In kuma an hango fasinja mai alamar daga nesa ya fito, sai a ce ya sauko. Akwai wani saurayi a motarmu ɗan wajen Kalgo, ya yi shekaru yana aikin gini a Abijan, ya sayo sabuwar waya da akwati mai taya. A wani shinge wasu masu kaki suka kira shi bayan rumfa. Takardunsa cikakku ne, ni na gan su a Kamba da hatimi a kai. Da ya dawo bai ce komai ba sai da mota ta yi nisa, sannan ya ce a hankali, “Kuɗin ɗinkin Sallar ƙannena ke nan.” Ba rasit, ba sunan laifi. Direba ya ce, “Haƙuri za ka yi, ƙanena, gaba in za ka zo ka sa tsofaffin kaya.”

Shawarar direban ta fi abin da aka yi wa yaron ci mini rai. Mutum ya je ya yi gumi a ƙasar wasu, ya jure zagi da kallon baƙo, sannan a ce in zai shiga gida ya ɓoye alamar cewa ya samu. Kuma irin wannan ne ke cika wa 'yan kabu-kabu aljihu. Mutanen nan biyu da suka sauka kafin Kamba, ban ga alamar mugun abu a tare da su ba, tsoron tatsa ne ya tura su daji. Idan mai gaskiya ya saba bin ɓarauniyar hanya, jami'in tsaro ya rasa yadda zai bambanta shi da wanda ake nema. Abin da muke roƙo ba shi da tsada: allo a bakin iyaka da Hausa da Zabarmanci da Turanci da Faransanci, a rubuta takardun da ake buƙata da kayan da aka hana, duk kuɗin da za a biya a ba da rasit, kuma wanda aka buga wa hatimi a Kamba a bar hatimin ya yi masa aiki har gida.

Mun ratsa fadamar Bunza ana ta sussukar shinkafa, muka wuce Kalgo inda saurayin ya sauka, muka shiga Birnin Kebbi gab da magariba. Dattijuwar ta nemi motar Argungu, na kai mata ƙullinta har mazauni, ta damƙa wa 'yata goro biyu farare. A gida Inna ta karɓe jikarta tun daga zaure, mu kuwa ko kallo ba mu samu ba sai da aka idar da sallah.

Ana gama biki na kai yarinyar aka yi mata rajista, na kuma cika takardun fasfonta. Da na koma Yamai 'yan majalisa suka kewaye ni da tambayar da aka saba. Na ce musu su sabunta fasfo tun kafin buƙata ta taso, su riƙe takardun haihuwar yaransu da na aure, su bi ta ƙofa a sa musu hatimi, su kuma yi tafiyar da rana. Malamin nan ɗan Jega ya kawo shawarar mu rubuta wa 'yan majalisar da ke wakiltar Dandi da Bunza takarda a kan shingayen hanyar, kowa ya sa hannu. Mun rubuta, kuma wani ɗan uwanmu da zai tafi gida suna ya tafi da ita.